Yadda Za Ka Shawo Kan Fargaba Kafin Gwajin Leƙa Ciki na Endoskofi

Tambayoyin da masu karatu suke ta aiko mini game da endoskofi, wato gwajin da likita yake zura siririn bututu mai kyamara ta baki domin ya leƙa maƙoshi da ciki da farkon ƙaramin hanji, kusan dukkansu hanya ɗaya suke bi. Ba kasafai ake tambayar amfanin gwajin ba. Abin da ake tambaya shi ne yadda mutum zai kai kansa ranar ba tare da zullumi ya hana shi barci ba, da yadda zai jure idan aka kwantar da shi aka kawo bututun kusa da bakinsa. Akwai waɗanda suka ce sun yi ta ɗage ranar, ciwon da ya kai su asibiti kuwa yana nan yana cinsu.

Fargabar ba ta gushewa gaba ɗaya, kuma ba sai ta gushe ba kafin gwajin ya tafi lafiya. Abubuwa biyu ne suka fi rage ta: sanin jerin abin da zai faru tun daga farko har ƙarshe, da kuma faɗa wa ma'aikatan asibiti cewa kana jin tsoro tun da sauran lokaci. A kan waɗannan biyun aka gina matakan da ke tafe. Duk inda umarnin asibitinka ya saɓa da abin da ka karanta a nan, nasu za ka bi, domin su ne suka san jikinka.

1. Rarrabe abin da kake tsoro

Ɗauki takarda ka rubuta ainihin abin da yake faɗar maka da gaba, domin kalmar "tsoro" ita kaɗai ba ta da amsa, amma kowane reshe nata yana da tasa. Yawanci ɗaya ne daga cikin huɗu: tsoron shaƙewa, tsoron kakarin amai da zafi, tsoron maganin sa barci, ko tsoron abin da likita zai gani a ciki.

Na farkon shi ya fi sauƙin warwarewa. A wuyan ɗan Adam hanyoyi biyu ne: ta iska tana gaba, ta abinci tana bayanta. Bututun gwajin hanyar abinci yake bi, ba ya shiga ta iska, saboda haka numfashinka yana nan a buɗe daga farko har ƙarshe ko da jikinka yana gaya maka akasin haka. Kaurin bututun kusan santimita 1 ne, bai wuce ƙaramin yatsan hannu ba, kuma yana lanƙwasuwa. Idan gwajin na dubawa ne kawai, yakan ɗauki minti 5 zuwa 15, kuma ɓangaren da ya fi takura a cikinsa, wato lokacin da bututun yake ratsa maƙogwaro, daƙiƙoƙi ne.

Tsoro na huɗu dabam yake da sauran, kuma babu dabarar numfashi da za ta kawar da shi. Ajiye shi gefe tukuna. Mataki na ƙarshe nasa ne.

2. Kai takardar wurin likita ko ma'aikacin jinya

Kada ka jira sai ranar gwajin. Nemi ganawa ko ka kira sashen da zai yi aikin, ka faɗa a fili cewa kana jin tsoro sosai, sannan ka karanta musu abin da ka rubuta. Mutane da yawa suna jin nauyin faɗin haka, musamman manya da suke ganin bai kamace su ba, alhali ma'aikatan wannan sashe kullum da masu fargaba suke wuni, kuma abin da za su iya shirya wa mutum kwanaki kafin gwajin ya fi abin da za su iya yi masa yana kwance a kan gado.

Tambaye su dalilin da ya sa aka rubuta maka gwajin da abin da ake nema, ko za a ɗebi ɗan yankin nama domin a auna, wane irin maganin rage raɗaɗi ko sa barci suke bayarwa, yaushe za ka daina ci da sha, da kuma ko ɗan rakiyarka zai iya zama da kai har lokacin shiga. Idan akwai dama, roƙi a sa ka cikin na farko da safe. Wannan yana rage tsawon yunwa, yana kuma rage zaman jira, wanda shi ne lokacin da tunani ya fi samun filin yawo.

Batun kuɗi ma a nan ya kamata a gama shi, domin shi kansa yana ƙara tararrabi. A wurare da yawa kuɗin gwajin dabam yake da na maganin barci, haka kuma auna naman da aka ɗebo a ɗakin gwaje-gwaje yana da nasa lissafin. Nemi a rubuta maka jimillar, kuma idan kana da inshorar lafiya ka tabbatar da abin da ta ɗauka kafin ranar.

Gargaɗi: idan ka taɓa samun firgita mai tsanani da ke sa numfashi ya sarƙe, ko ka taɓa fuskantar wani abu da ya sa ba ka iya jure a riƙe ka ko a sa maka abu a baki, faɗa musu a wannan ganawar. Ba dole ba ne ka ba da cikakken labari, ya isa ka ce akwai, domin hakan yana canza irin shirin da za su yi.

3. Zaɓi tsakanin feshin maƙogwaro da allura

Wannan ita ce shawara mafi nauyi ga mai fargaba, kuma gara a yanke ta da natsuwa a gida.

Hanya ta farko ita ce a fesa maka maganin kashe raɗaɗi, yawanci lidocaine, a bayan maƙogwaro. Yana da ɗaci, kuma cikin ɗan lokaci za ka ji kamar maƙogwaron ya kumbura ko miyau ba ya wucewa. Bai kumbura ba, jin wurin ne aka kashe, amma wanda ba a gaya masa wannan tun da wuri ba yakan firgita a daidai nan. Da wannan hanya idonka biyu, kana jin duk abin da ake faɗa, kuma da zarar maƙogwaron ya dawo daidai za ka iya tafiya da kanka ka ci gaba da harkokinka.

Hanya ta biyu ita ce allura ta jijiyar hannu, sau da yawa midazolam, wani lokaci tare da maganin rage zafi. Ba ta kai mutum ga barci mai nauyi irin na tiyata. Jiki ne yake saki, hankali ya kwanta, kana iya jin magana sama-sama, kuma mutane da dama ba sa tuna yawancin abin da ya faru bayan sun farfaɗo. Wasu asibitoci suna ba da propofol, wanda yake sa barci sosai, amma shi yana buƙatar sa ido na musamman daga masu ba da maganin barci. Sharaɗin allura kowace iri shi ne a samu babban mutum da zai mayar da kai gida, sannan har tsawon awa 24 ba tuƙi, ba aiki da inji, ba shan barasa, ba sa hannu a muhimmiyar takarda, ko da kana jin ka warware.

A ganina, wanda ya san ko buroshin haƙori yana sa shi kakarin amai, ko wanda tunanin gwajin kaɗai yake sa hannunsa rawa, bai kamata ya ɗauki neman allura a matsayin gazawa ba. Haka kuma akwai waɗanda abin da ya fi tsorata su shi ne fita daga hayyacinsu, su kam feshin ya fi musu kwanciyar rai. Wasu wuraren suna da hanya ta uku, wato bututu siriri mai kaurin milimita 5 zuwa 6 da ake bi da shi ta hanci. Tunda ba ya danna bayan harshe sosai, kakarin amai yana raguwa, mutum ma yana iya magana ana cikin yi. Ba ko'ina ake da shi ba, amma tambaya ba ta da tsada.

Gargaɗi: mai ciwon zuciya ko na huhu, da wanda numfashinsa yake ɗaukewa cikin barci tare da minshari mai ƙarfi, da mace mai juna biyu ko mai shayarwa, da duk wanda wani magani ya taɓa yi wa illa, dole ne su sanar kafin a yanke wannan shawara.

4. Daidaita magungunan da kake sha

Tattara dukkan magungunanka a cikin kwalayensu ka nuna, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari. Waɗanda likita zai fi duba su ne masu tsinka jini irin su warfarin da clopidogrel da asfirin, da magungunan ciwon suga irin su insulin, tunda za ka daɗe ba ka ci ba, da kuma alluran rage ƙiba da suga irin su semaglutide, waɗanda suke sa abinci ya daɗe a ciki. Idan ana neman ƙwayar cutar Helicobacter pylori mai haddasa gyambon ciki, ana iya ce maka ka dakatar da magungunan rage tsamin ruwan ciki irin su omeprazole na mako 2, domin suna iya ɓoye ta.

Gargaɗi: kada ka tsayar da kowane magani da ra'ayin kanka, musamman mai tsinka jini. Kada kuma ka sha ƙwayar kwantar da hankali irin diazepam a gida don ka samu ƙarfin zuciya ba tare da sanin likita ba. Idan ta haɗu da allurar asibiti tana iya danne numfashi, kuma su ba su san da ita a jikinka ba.

5. Koyi numfashin da za ka yi amfani da shi

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ji an ce "ka riƙa numfashi a hankali" ya ɗauka zai iya a ranar. Abin da jiki bai saba da shi ba ba ya zuwa masa lokacin firgita, saboda haka a fara gwadawa kwanaki kafin lokaci.

Kwanta ta gefen hagu, domin haka za a kwantar da kai, ka ɗan lanƙwasa gwiwoyi ka saki kafaɗu. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu a zuci, ka bar cikinka ya taso maimakon ƙirjinka, sannan ka fitar da ita a hankali kana ƙirga shida. Fitarwar ce ya kamata ta fi tsawo, domin ita ce take sassauta bugun zuciya. Yi haka na minti biyar safe da dare. Bayan ka saba, maimaita shi bakinka a ɗan buɗe, harshenka a kwance, ba tare da ka haɗiye miyau ba. Shimfiɗa tawul a ƙarƙashin kumatunka ka bar miyan ya zuba. Abin zai yi maka banbaraƙwai, amma daidai wannan yanayin za ka shiga a ɗakin gwaji, kuma yawan yunƙurin haɗiya bayan bututu ya shiga shi ne yake tayar da tari da kakari.

Zaɓi kuma abu ɗaya da za ka ɗora hankalinka a kai: ƙirga numfashi, ko wata addu'a da ka haddace, ko bin ɗakunan wani gida da ka sani ɗaya bayan ɗaya a zuci. Ɗaya ya isa, muddin ka maimaita shi har ya zauna.

Gargaɗi: idan ka ji jiri ko yatsunka suna tsikari, kana zuƙar iska da yawa ne da sauri. Rage zurfin shaƙar, ka tsawaita fitarwar.

6. Daren ƙarshe da kame baki

Yawancin asibitoci suna cewa a daina cin abinci aƙalla awa 6 kafin gwajin, wasu su ce 8, a kuma daina shan ko da ruwa awa 2 kafin lokaci. Madara a lissafin abinci take. Dalilin kame bakin biyu ne: likita ya ga bangon ciki sarai, kuma kada abin da ke ciki ya taso ya faɗa huhu. Sanin cewa cikinka babu komai ma wani abin kwantar da rai ne, domin ko kakari ya zo babu abincin da zai fito.

Ci abinci mara nauyi da yamma, ka guji abin sha mai hana barci. Shirya takardunka da magungunanka da tufafi masu sakin jiki, ka tabbatar da ɗan rakiya, sannan ka ajiye waya. Kallon bidiyon gwajin da tsakar dare da karanta labaran waɗanda suka sha wuya ba shiri ba ne. Waɗanda nasu ya tafi lafiya ba kasafai suke zama su rubuta labari ba, saboda haka abin da za ka tarar ya karkata gefe guda. Idan barci ya ƙi zuwa, kada ka mayar da hakan wani sabon abin damuwa, domin rashin barcin dare ɗaya ba ya ɓata gwajin.

Gargaɗi: idan ka manta ka ci ko ka sha wani abu, faɗi gaskiya da zarar ka isa. Ɗage gwajin na ƴan awanni ya fi haɗarin ɓoyewa sauƙi nesa ba kusa ba. Mai ciwon suga da ya ji rawar jiki da gumi da jiri ya bi umarnin da aka ba shi na ɗaga suga nan take, sannan ya sanar da asibiti.

7. A ɗakin jira

Iso a kan lokaci, amma kada ka yi sammakon da zai sa ka zauna awa biyu kana kallon ƙofa. Za a yi maka tambayoyi, a auna hawan jini, a ba ka takardar amincewa. Karanta ta kafin a yi maka allura. A cikinta za ka ga an ambaci zubar jini da hujewar hanyar abinci. Doka da ƙa'idar aiki ne suka wajabta a faɗa maka, kuma a gwajin dubawa kawai waɗannan abubuwa ba safai suke faruwa ba. Cire haƙoran roba da tabarau, ka nuna duk haƙorin da yake girgiɗi. Sake gaya wa ma'aikacin jinyar da zai tsaya a kanka cewa kana jin tsoro, ku kuma yi yarjejeniya a kan alama, misali ɗaga hannu, wadda ke nufin a dakata, tunda ba za ka iya magana ba.

8. A kan gadon gwaji

Ga yadda abin yake tafiya. Za ka kwanta ta hagu. Za a maƙala maka wata ƴar na'ura a yatsa mai auna iskar oksijin da bugun zuciya, kuma ƙarar da take yi aikinta ne kawai. Idan za a yi maka allura, ana iya sa maka siririyar robar oksijin a hanci. Sannan a sa maka wata ƴar roba mai rami tsakanin haƙora domin ta kare su ta kuma kare bututun. Ciza ta a hankali, ba da ƙarfi ba.

Likita zai ɗora bututun a kan harshenka ya tura shi baya, wataƙila ya ce ka haɗiya. Nan ne wurin da ya fi wuya. Kakari yana iya zuwa sau ɗaya ko biyu, idanu su kawo ruwa, kuma wannan ba alamar wani abu ya lalace ba ne, ba kuma abin kunya ba ne, domin jiki ne yake yin abin da aka halicce shi da yi. Haɗiya ɗaya idan an ce ka yi, daga nan ka koma kan ƙirgenka. Da zarar bututun ya wuce maƙogwaro, abin yana lafawa sosai, kuma daga nan ba a buƙatar ka sake haɗiya. Ka karkata bakinka ƙasa ka bar miyau ya zuba, ma'aikacin jinya zai tsotse shi da na'ura.

Za a hura iska a cikinka domin ya buɗe a ga ko'ina. Za ka ji kumburi da matsi, kuma gyatsa za ta fito da ƙara. Kowa a ɗakin yana sa ran jin ta. Idan an ɗebi nama, ɗan mitsitsi ne, kuma ba a jin zafinsa, sai dai wani lokaci a ji kamar an ɗan ja wani abu. Idan tsoro ya taso a tsakiya, mayar da hankali kan fitar da iska a hankali, ka saki yatsun hannu da kafaɗu, ka saurari muryar ma'aikacin jinya. Za ka iya roƙo tun farko a riƙa gaya maka inda aka kai, domin jin "mun wuce rabi" yana taimakon mutane da yawa.

Gargaɗi: kada ka kai hannu ka fizge bututun, kada kuma ka yi ƙoƙarin magana ko juya kai, domin hakan yana iya ji maka rauni. Ɗaga hannu kamar yadda kuka shirya. Za a tsaya, kuma idan ka nace a fasa, kana da ikon hakan.

9. Bayan an cire bututun

Idan an fesa maka magani, kada ka ci ko ka sha har sai jin maƙogwaro ya dawo, wanda yakan ɗauki minti 30 zuwa awa 1. Fara da kurɓar ruwa kaɗan ka ga ko ya wuce lafiya. Kaushin maƙogwaro na kwana ɗaya ko biyu da kumburin ciki na ƴan awanni ba abin damuwa ba ne. Wanda aka yi wa allura ya sa ɗan rakiyarsa ya saurari bayanin likita tare da shi, ya kuma nemi a ba shi a rubuce, domin maganin yana sa mantuwa.

Gargaɗi: koma asibiti da gaggawa idan ka ji ciwo mai tsanani a ƙirji ko ciki, ko ka yi aman jini, ko bayan gidanka ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, ko zazzaɓi ya kama ka, ko numfashi ko haɗiya suka yi maka wuya suna ƙaruwa.

10. Jiran sakamako

Abin da likita ya gani da idonsa yakan faɗa a ranar, amma sakamakon naman da aka ɗebo yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni. Mutane da yawa da sun ji an ɗebi nama sai zuciyarsu ta tafi kan ciwon daji, alhali ana ɗibarsa a kai a kai domin neman ƙwayar Helicobacter pylori, ko tantance kumburin bangon ciki, ko cutar da ke hana jiki jure alkama, ko da wurin bai nuna wata alama mai tayar da hankali ba. Abubuwan da aka fi gani a wannan gwaji su ne kumburi, da gyambo, da illar ƙwannafi a hanyar abinci, kuma sau da dama ba a ganin komai.

Kafin ka bar asibiti, tambayi ranar da za a sa ran sakamakon, da hanyar da zai iso maka, da wanda za ka kira idan ranar ta wuce shiru. Rubuta ranar, ka bar batun har sai ta zo, kada ka zauna kana fassara kalmomin rahoton ɗaya bayan ɗaya a intanet. Tambayi kuma yaushe za ka koma shan magungunan da aka dakatar maka. Idan zullumin jiran ya kai ga hana ka ci ko barci ko aiki na kwanaki a jere, koma wurin likitan da ya tura ka gwajin ka gaya masa, domin wannan ma abu ne da ake dubawa, kuma wani lokaci yana iya bin sawun sakamakon a ɗakin gwaje-gwaje ya gaya maka inda aka kwana.